Neman shawara: albashi ko kamasho ga ma'aikatan gidan ruwan leda?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar riƙe ma'aikata ku taimaka mini da shawara. Mahaifinmu ya miƙa mini ragamar gidan ruwan ledarsa a nan Kano saboda jiki ya fara ƙi. Ma'aikata 18 ne: direbobi huɗu da yaran motarsu, masu injin biyu, mata shida masu zuba ruwa a jaka, sai mai gadi da yarinyar da ke rubuta lissafi. Tsarin Baba albashi ne ƙarshen wata, da ɗan ihsani lokacin azumi da sallah. Abin da ke damuna, direba zai fita da mota cike, ya sayar da rabi ya dawo da la'asar, amma albashinsa ɗaya da wanda ya yi sawu biyu. Wani abokina ya ce in soke albashi in mayar da kowa kamasho, iya jakar da ka fitar iya kuɗinka, duk wadda ta fashe kuma a cire a kuɗin mutum. Ina kuma tunanin sa kyamara da na'urar bin sawun mota. Baba dai abu ɗaya ya ce, kada in korar masa mutane. Ina mafita?

Hajiya mai gidan burodi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kalmar "kowa" ɗin nan ita ce matsalar shawarar abokinka. Direba ana iya ƙirga aikinsa: ga jakar da ya ɗauka, ga kuɗin da ya kawo. To mai gadi fa, me za ka ƙirga masa? Ɓarayin da ba su zo ba?

Mai inji ma ka yi hattara. Ranar da ka ce kuɗinsa yana kan yawan jaka, daga ranar ba zai sake kashe inji don wanke tanki ko canza matatar ruwa ba, don duk mintin da inji ya tsaya aljihunsa ne ya tsaya. Ba za ka ga illar a makon ba. Sai ruwa ya fara wari, masu shaguna sun fara dawo da kaya, ko 'yan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, sun yi maka sallama. Irin wannan aikin ido yake so. Ka rataye takarda a jikin bango, ranar wanke tanki kaza, ranar canza matatar ruwa kaza, wanda ya yi ya sa hannu, kai kuma ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba.

Tsohon direban rabon kaya:
Yallaɓai, bari in faɗa maka ta ɓangarenmu, don na ci wannan tuwon. Kamasho zalla yana da daɗi a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan mutane, kafin azahar mota ta zama fanko. Ka jira hunturu, ko ranar da aka wuni ana ruwan sama a Agusta. Direba zai zaga gari har magariba, mutane ba sa jin ƙishirwa, laifinsa ne? Gida kuwa ba a daina ɗora tukunya don sanyi ya shigo.

Sannan hanyoyi ba ɗaya ba ne. Wanda ke kai wa tasha da bakin kasuwa sau uku zai tsaya ya juye mota. Wanda aka ba lungunan unguwa sai ya tsaya a shago talatin, nan jaka biyar, can jaka uku. Kafin ka ce wane rago ne, ka musanya musu hanya na wata ɗaya ka gani.

Kuma in ka bar mutum da kamasho kaɗai, ga abin da zai biyo baya: zai lafta wa mota kayan da ya fi ƙarfinta, zai faɗa rami da gudu don ya samu sawu na biyu, zai zuba wa kowa kaya bashi don a rubuta ya sayar, zai kuma shiga hanyar ɗan'uwansa ya ƙwace masa masu saye. Ni a ganina ka bar musu albashin da zai riƙe gida, ka ɗora kamasho a kai, kuma kamashon ya zama a kan kuɗin da ya shigo hannu, ba kayan da ya fita ba. Kada ka manta da yaron mota. Shi ke ɗaukar jakar a ka.

Wata lauya:
Malam, maganar cire kuɗin fashewa ce ta sa na tsoma baki. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke masa albashi. Ko asarar da ma'aikaci ya jawo da ganganci ko sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago kafin a cire, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ba. Sashe na 7 kuma ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Na san yawancin ƙananan masana'antunmu da baki ake komai, amma tunda za ka sauya tsari, ka rubuta kowa ya riƙe nasa.

Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka ma masu karɓar kamasho. Wato doka ba za ta kama ka a nan ba, amma ma'aikatanka sun san adadin, da shi kuma za su riƙa auna abin da kake ba su.

Malamin makarantar koyon kasuwanci:
Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A Amurka akwai kamfanin sa gilashin mota mai suna Safelite, wanda a 1994 zuwa 1995 ya bar biyan awa ya koma biyan kowane gilashi da aka sa. Masanin tattalin arziki Edward Lazear ya bi lissafinsu, ya ga aikin kowane ma'aikaci ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin ɗari. Amma a lura da abu biyu. Kamfanin ya bar wani mafi ƙarancin kuɗi da ba a sauka ƙasa da shi, kuma in gilashi ya samu matsala an san hannun da ya sa shi. Sannan kusan rabin ƙarin nan ya zo ne daga sauyin mutane, masu sanyin jiki suka tafi, masu zafin nama suka shigo. Ka haɗa wannan da sharaɗin Baba.

Ɗaya gefen kuma bankin Wells Fargo ne. An matsa wa ma'aikata da adadin asusun da dole su buɗe, sai suka riƙa buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, wajen miliyan 2. A 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, ma'aikata kimanin 5,300 suka rasa aiki. Adadin da aka nema sun kawo shi, ba su yi gardama ba.

A gidan ruwanka, jakar da ta fashe ba ka san hannun wa ba ne. Ta yiwu inji ne bai liƙe bakin ledar da kyau ba, ta yiwu ledar ce mara kauri, ta yiwu jifa aka yi wajen lodi. Tun da ba za ka iya rabewa ba, ka sa ladan raguwar fashewa ya zama na gidan gaba ɗaya, a raba ƙarshen wata.

Wani malami:
Allah ya ƙara wa mahaifinka lafiya. Duka biyun suna da asali a shari'a: ijara, wato lada sananne a kan lokaci ko aiki, da ji'ala, wato lada ga wanda ya kawo sakamako, kamar kayan raƙumi guda da aka yi alkawari a Suratu Yusuf, aya ta 72. Sharaɗin dai mutum ya san abin da zai samu tun kafin ya fara. Ma'aikacin da ke ƙarƙashinka kuma amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da ya lalace sai in sakaci ko ganganci ya tabbata. In ka ce ranar Asabar za a biya kamasho, to ya zama Asabar. Hadisin biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe kowa ya haddace shi, aiki da shi ne ke wuya.

Dattijo daga Kantin Kwari:
Ɗana, duk na ji, amma ni ban ga wanda ya ce ka koma ka tambayi mahaifinka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila direban nan da kake gani yana dawowa da wuri shi ne wanda bai taɓa kawo gibin kwabo ba, kuma motarsa ba ta san hanyar bakanike ba. Mu a kasuwa yaro yana shekaru tare da kai ba don albashi ba, don ya san in matarsa ta haihu kana nan, in lokaci ya yi kuma za a sallame shi da jari. Ka sa na'urarka a mota, ba laifi, man fetur ba abin wasa ba ne tun da aka cire tallafi a 2023. Amma ka tara su ka faɗa musu da bakinka. In suka tsince ta a ɓoye ƙarƙashin kujera, ka gama da su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan zauna da Baba a daren nan. Tambaya ɗaya ta rage: in bazara ta zo kamasho ya yi yawa har direba ya fi ni ɗauka, zan iya rage kamashon kowace jaka?

Hajiya mai gidan burodi:
Kul, ƙanena. In ka rage sau ɗaya, sun gane cewa ƙoƙari rage musu kuɗi yake yi, baɗi kowa zai tsaya daidai inda ba za a taɓa shi ba. Ka ɗauko littafin lissafin bara tun yanzu, ka duba watan da aka fi ciniki da wanda aka fi zama, ka yanke adadin da za ka iya biya a duka biyun, sannan ka sanar da shi na shekara guda.