Kwota wajen shiga jami'a: adalci ne ko tauye haƙƙi?

Malam Sani Tudun Wada: Jama'a ni fa har gobe ban yarda da tsarin nan ba. Kashi 45 cancanta, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 na jihohin da aka ce an bari a baya a boko. Yaro ya hana idonsa barci ya ci JAMB da kyau, a ce ya jira baɗi don kawai jiharsa? Zalunci ne wallahi.

Hajiya Binta: Haba Malam Sani, ai ba tare aka fara tseren ba. Legas na da sakandaren CMS tun 1859, mu kuwa sai 1921 aka buɗe Kwalejin Katsina wadda ta zama Barewa ɗin nan tamu. Leƙa firamaren ƙauye wajen Giwa ko Soba ka gani, yara zaune kan buhu, malami ɗaya na zagaya aji uku, wani yaron ma ranar jarrabawa zai fara taɓa kwamfuta, sannan ka ce a auna shi da ɗan firabet?

Injiniya Bello: Yaya Binta gaskiya ne, amma kin tuna makin shiga makarantun haɗin kai na tarayya a 2013? Anambra 139, namiji ɗan Zamfara 4. Wannan gata ne ko cin fuska?

Hajiya Binta: To a rufe musu ƙofa kenan, asibitin koyarwa na Shika ya samo likitoci daga ina nan gaba?

Malama Hauwa Samaru: Ku tambaye ni, ni ke koyarwa a makarantar gwamnati. Wa ke cin kason nan tsakani da Allah? Ba ɗan buhun da Hajiya ta ambata ba, shi ko kuɗin fom bai da shi. Ɗan babban mutum ne da ya yi karatu a Abuja, bai san hanyar ƙauyensu ba, lokacin admishan kawai sai a aika direba ya karɓo masa takardar shaidar ƙaramar hukuma ya shige da sunan an bar mu a baya. Ɗalibata mai sayar da awara da yamma ita ce abokiyar takararsa. In za a yi kwota a duba makarantar da yaro ya fito da ƙarfin iyayensa, ba jiha ba.

Malam Sani Tudun Wada: Malama in haka ne zan sassauta. Amma likitanci dai a bar wa maki, rai ne.

Injiniya Bello: Wa zai tantance talakan? Ranar kowa zai zama maraya.

Malama Hauwa Samaru: Sunan makarantar yaro na jikin sakamakonsa na WAEC, Injiniya. A fara da wannan.