Firiji na ƙara ko baya sanyi: abin da jama'a suka ce

To jama'a, maganar da aka yi kan abin da ke sa firiji ƙara ko rashin sanyi ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Ƙara kamar ruwa na gudu a bututu ba matsala ba ce, gas ne ke zagayawa. Kowa ya yarda.

2. In yana "ƙas" ya yi shiru, bayan ƴan mintuna ya sake "ƙas" kuma kwamfiresa (injin da ke tura gas ɗin) bai tashi ba, yawanci rile (ƴar na'urar da ke tada kwamfiresa) ne ya mutu ko wuta ta yi ƙasa, don firijin namu 220 zuwa 240 yake so. A duba wannan tukuna kafin mai gyara ya ce kwamfiresa ya ƙone, rile ai araha ne.

3. Kakkarwa: ƙasa ba daidai ba, ko ya jingina da bango.

4. Firiza na sanyi ƙasa ba ya yi, ƙanƙara ta toshe hanyar iska ko fanka ta tsaya. A kashe a bar ƙofa buɗe ta narke da kanta, banda wuƙa don Allah, da yawa haka suka huda nasu.

5. Robar ƙofa, a maƙala takarda a rufe, in ta zare da sauƙi robar ta saki.

Inda aka rabu shi ne gas. Wasu sun ce a ƙara kawai, masu gyara suka ce gas baya ƙarewa sai in yana yoyo, in ba a like wurin ba asarar kuɗi ce. Ni dai ina bayan masu gyara. Sun kuma ce kar a zuba gas nau'in R134a a firijin da ke aiki da nau'in R600a.

Sitabilaiza ma an yi musu, amma an haɗu kan a jira minti 5 in an dawo da wuta kafin a kunna.