Maganin daskarewar ɗanyen mai: wanne kuka gwada?

Baban Maryam: Salamu alaikum. Man wani ƙaramin fili da muke kula da shi a Neja Delta kaki ya yi masa yawa, da damina bututu na sanyi sai gudu ya ragu. Ranar Litinin zan kai shawara ofis a Wuse. Cikin magungunan da ake zuba wa mai don hana shi daskarewa, EVA ko polymethacrylate, wanne ya fi aiki?

Injiniya Garba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka fara da sunan magani, fara da man naka. Ni na ƙone a kan wannan. An kawo mana durom-durom, wai ya yi aiki a wani fili, manya suka sa hannu ba tare da gwaji ba. Kuma aka dasa famfon zubawa can ƙasa, inda man ya riga ya huce. Ranar da muka kwance bakin bututun, kakin ya fito kamar man kaɗanya a hunturu, da shebur yara suka riƙa kwasa, safar hannuna har yau ba ta wanku ba. Abin da mutane ba sa ganewa, maganin nan ba ya narkar da kakin da ya riga ya kama. Shiga yake cikin ƙwayoyin kakin lokacin da suke haɗuwa, ya hana su sarƙewa da juna. To in ka zuba bayan sun haɗu, kuɗi ka zubar. Kusa da bakin rijiya ake sa shi, man na da zafinsa. Har yanzu raina na ɓaci in na tuna.

Hajiya Lab: Gaskiya ne Injiniya. Ka turo samfur a gwada kala uku ko huɗu. Kuma da ASTM D5853, ƙa'idar gwajin sanyin da ɗanyen mai ke daina gudu, za a auna, ba D97 ba, shi D97 na tataccen mai ne. Ƙwayoyin maganin da na kaki duk kamar sarƙa suke, tsawon sarƙar maganin dole ya dace da na kakinka.

Baban Maryam: Nawa ake zubawa, Hajiya?

Hajiya Lab: Yawanci ɗaruruwan ppm, wato kaso cikin miliyan. Ƙari ba koyaushe yake ƙara amfani ba.

Ɗan Jos: Ko me kuka zuba, ku ci gaba da tura alade a bututun.

Malam Isa: Subhanallah! Ba wani suna ne? 😂

Ɗan Jos: Malam, haka Turawa suka raɗa masa, ƙarfe ne da roba da ake turawa cikin bututu ya kankare kaki. Ku kuma kula da ajiya, shi kansa maganin yana kauri in ya sha sanyi. Da a Rayfield ne a Disamba, sai kun dumama durom ɗin.

Injiniya Garba: Ku 'yan Jos komai sai kun kawo sanyinku.

Ɗan Jos: Yallaɓai ka kwana ɗaya a nan ba bargo tukuna.

Malam Isa: Ai wani man magani kaɗai ba ya isar sa. Na Yuganda bututun da za ya kai shi Tanga ta Tanzaniya kilomita 1,443 ne, da lantarki za a riƙa dumama shi.

Ɗan Jos: Mu dai Allah Ya nuna mana na Kolmani yana gudu. Tun 2022 muke zuba ido.

Malam Isa: Amin. Wa ke zuwa ɗaurin auren Kubwa ranar Asabar?

Baban Maryam: Hajiya, lita nawa zan turo?