Faifan birki yana ta lanƙwashewa: in sake sassaƙe shi ko in sayi mai ramuka?

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008 wadda na sayo ta hanyar Kwatano, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Damagaram da Maraɗi kusan kowane mako. Cikin shekara ɗaya da rabi na canza faifan birkin gaba sau biyu, na kuma kai shi wurin masu sassaƙe ƙarfe sau ɗaya, amma duk lokacin da aka gyara sai in samu lafiya ta wata uku ko huɗu, daga nan matsalar ta dawo. Idan na taka birki ina kan gudun kilomita 90, sitiyari yana karkarwa a hannuna har agogon da na ɗaura yana kaɗawa, fedar kuma tana bugun tafin ƙafata kamar bugun zuciya. A cikin gari ba na jin komai sosai. Makanikena ya ce zafi ne yake lanƙwasa faifan, ya ba ni shawarar in aika Kano a sayo mini irin mai ramuka da tsage-tsage a kasuwar Ƙofar Ruwa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma iyalina nake ɗauka a motar nan, saboda haka nake neman shawarar waɗanda suka san abin kafin in sake kashe ko sisi.

Tsohon makanike daga Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ina roƙonka ka dakata da aiken nan tukuna, domin idan ka ɗora sabon faifai a kan abin da ya lalata na baya, shi ma zai bi sahunsu ko da wane kamfani ne ya ƙera shi.

Abin da muke kira lanƙwashewa, a mafi yawan lokuta ba lanƙwashewa ba ce. Faifan birki ƙarfen zubi ne mai kauri, ba ya tanƙwaruwa da sauƙi kamar marfin tukunya. Abin da yake faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya a duk zagayensa, wani wuri ya fi wani cika da ɗan abin da ido ba ya gani, kuma bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ya sa feda ta riƙa bugun ƙafa. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya sa kaurin yake bambanta bayan wata uku?

Amsar tana bayan faifan, a mazaunin da yake zama a kai. Idan aka cire tsohon faifai, za ka ga tsatsa da ƙura sun yi ɓawo a fuskar mazaunin, kuma yaran gareji da yawa ba sa goge wurin, sai su kifa sabo a kai su ɗaure. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a nan ta isa ta sa faifan ya zauna a karkace. Da farko ba za ka ji komai ba, amma a kowane juyi na taya gefen da ya ɗan fito yana shafar takalmin birki ko da ba ka taka ba, yana cinyewa ko yana kwasar abin da ke jikin takalmin, har bayan ƴan dubban kilomitoci karkarwar ta bayyana. Wannan shi ne dalilin lafiyar wata uku da kake samu. Ka tsaya a kan yaran da kanka, su goge mazaunin da buroshin waya da samfefa har ƙarfen ya yi fari, sannan a ɗaura faifan a kafa masa agogon awo a juya shi da hannu. Bai kamata allurar ta yi lilo fiye da milimita 0.05 ba. Idan ta wuce, a cire faifan a juya shi zuwa ramin noti na gaba a sake aunawa, idan kuma har yanzu ta wuce, to mazaunin ne ya karkace ko boris ya yi sako-sako, kuma can ne kuɗinka ya kamata ya tafi.

Abu na biyu shi ne ɗaurin taya. Notin Corolla ana ɗaure shi ne a kan awo 103 na ma'aunin Newton-mita, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ana tsallaka noti ɗaya zuwa na daura da shi kamar ana zana tauraro. Mu nan kuwa mai faci zai sa bututu a sifana ya hau da ƙafa biyu, ko ya sa bindigar iska ya ɗaure ɗaya tamau kafin ya taɓa sauran. Wannan yana murɗe wuyan faifan. Kai da kake kan hanyar Tasawa kullum, na tabbata tayarka tana yawan sauka a hannun masu faci.

Direban hanyar Tanut ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, amma ina ganin bai kamata a wanke zafi gaba ɗaya ba, domin ni na ga aikinsa da idona. Ƙurar da muke shaƙa a lokacin hunturu ita ce take shiga ƙusoshin nan biyu da ƙarfen matse takalmi yake zamewa a kansu. Da zarar robar da ta rufe su ta tsage, giris ya haɗu da yashi ya daskare, sai takalmi ɗaya ya manne da faifai bai saki ba. Na taɓa tsayawa bayan tafiya mai nisa na kai hannu kusa da tayar hagu, zafi ya mayar da ni baya, ta dama kuwa lafiya lau. Da aka kwance, takalmin ciki ya cinye saura kaɗan ƙarfe ya fito, na waje yana nan da namansa, faifan kuma ya yi tabo shuɗi-shuɗi. Alhaji ya duba nasa takalman, idan cinsu bai zo ɗaya ba, to ga ɓarawon nan.

Akwai kuma hali irin namu na direbobi. Mutum yana kan gudu da kaya, sai ya hango tudun rage gudu a bakin ƙauye ko shingen jami'an tsaro, ya danne birki da ƙarfi, ya tsaya cak, ya bar ƙafarsa a kan feda yana jira. Faifan yana da zafi ƙwarai a lokacin, takalmin kuma yana manne a wuri ɗaya, sai ya bar tambarinsa a jiki. Gara a fara rage gudu tun daga nesa, a sauke giya injin ya taimaka. Kuma kada a kai mota wurin wanki a watsa wa tayoyi ruwa alhali yanzu aka sauko daga hanya.

Mai shagon kayan mota kusa da kasuwar Dole ya amsa:

Ni sayar da kayan nan ne abincina, duk da haka ba zan ba Alhaji shawarar mai ramuka ba. Ramukan suna zama mafarin tsagewa idan faifan ya sha zafi da sanyi, musamman masu arha da aka huda bayan an gama zubin ƙarfen, kuma a ƙasa irin tamu yashi ne zai cika su. Mai tsage-tsage ya fi shi ƙarko, amma yana cin takalmi da sauri. Ga Corolla da ke ɗaukar iyali, faifai sumul mai kyau ya wadatar.

Inda ƙarin kuɗi yake da amfani shi ne takalmi da man birki. A nemi na kamfanonin da aka sani, irin su Akebono, Advics, Bosch, TRW, Ferodo ko Brembo, a kuma duba ko akwai alamar R90 a jikin kayan, wato shaidar cewa ya cika ƙa'idar Turai ta kayan birki na canji. Sai dai jabu ya yi yawa, kwali ana iya buga shi a ko'ina, saboda haka a sayi kaya wurin wanda za a iya komawa a same shi gobe. Man birki kuwa yana shan danshi, ya kamata a zubar a sake duk shekara biyu. Bisa ƙa'ida, man birki sabo mai lambar DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Celsius, mai lambar DOT 4 kuwa digiri 230, don haka na biyun ya fi dacewa da zafin Afrilu da Mayu. Kada a sa DOT 5, wannan wani iri ne dabam da ba ya haɗuwa da su.

Game da sassaƙa, akwai lamba da aka buga a gefen kowane faifai mai nuna mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Faifan da aka sassaƙe ya kusa kai wannan lamba ya fi saurin ɗaukar zafi, domin naman ƙarfen ya ragu.

Tsohon makanike daga Zango ya ƙara da cewa:

Na manta abu ɗaya, Alhaji. Ranar da aka sa sabon faifai da sabon takalmi, ka fita hanyar Mirya inda babu cunkoso, ka kai kilomita 60, ka taka birki a hankali amma da nauyi har ka sauko kusan 10, ka saki ba tare da ka tsaya ba, ka maimaita kamar sau goma, sannan ka yi tafiyar ƴan mintoci birkin ya huce. Haka takalmin zai shimfiɗa jikinsa daidai a fuskar faifan.

Ɗan kasuwa daga Sabon Gari ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya na tsaya aka kwance gaban motar a gabana. Mazaunin hagu ya yi ɓawon tsatsa da sai da aka kankare shi da wuƙa, ɗaya daga cikin ƙusoshin zamiya na wannan ɓangaren kuma sai da guduma ya fito, robarsa a yage. Noti biyu sun ƙi kwantuwa sai da aka sa bututu. Na fasa aiken Kano. Baba, garejinmu ba su da agogon awon da ka ambata, idan kana da shi zan kawo motar Zango ranar Asabar bayan la'asar a auna kafin a ɗora sabon faifan.