Shin ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace aikin masu binciken laifi ta hanyar kimiyya?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen bayokemistiri na ABU, burina aikin binciken laifuka a ɗakin gwaje-gwaje. Ana ta cewa ƙirƙirarriyar basira za ta cinye aikin. Malamai, me ya kamata in koya tun yanzu?

Malamin Gwaji:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tacewa za ta ɗauke, hukunci na hannun mutum. A zanen yatsa, na'urar AFIS, mai laluben rumbun zanen yatsu, jerin waɗanda zanensu ya yi kama take fitarwa, sai ƙwararre ya bi layi-layi, inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, wani kuma ya sake dubawa. Duk da haka ana tuntuɓe. A 2004, bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, na'urar FBI ta fito da wani lauya ɗan Amurka, Brandon Mayfield, ƙwararru suka ce shi ne, aka tsare shi mako biyu, sai 'yan sandan Sifaniya suka gano zanen na wani ɗan Aljeriya ne. Da zarar na'ura ta nuna mutum, ido yakan fara ganin kama ko babu ita.

A ɓangaren DNA, manhajoji irin su STRmix da TrueAllele suna warware samfurin da mutum biyu ko uku suka cakuɗa a ciki, kamar ƙotar wuƙa. Lamba suke bayarwa ta ƙarfin yiwuwa, kuma idan aka yi kuskure a adadin mutanen da ke cikin samfurin, lambar za ta karkace. Saboda haka ka riƙe darasin ƙididdiga da kyau.

Babu manhajar da ke tayar da samfurin da ya mutu. Tsinken auduga mai jini a bar shi ya bushe a inuwa, a sa shi a ambulan na takarda. Idan aka ƙulle shi da danshi a leda cikin zafin Afrilu na Zariya, fumfuna da ƙwayoyin cuta za su lalata DNA ɗin. Safar hannu kuma a canza ta tsakanin samfuri da samfuri.

Mai Binciken Waya:
Ɗan'uwa, ka leƙo wajenmu, nan aiki ke ƙaruwa. Waya in an kama ta, a raba ta da sabis nan take don kada a goge ta daga nesa, a kwafi abin da ke ciki, a fitar da lambar SHA-256 (lambar da ke tabbatar da ba a sauya komai a kwafin ba), sannan a yi aiki a kan kwafin kaɗai. Manhaja za ta tace maka dubban hotuna cikin ɗan lokaci, amma hirar WhatsApp ta Hausa mai gajarce kalmomi, da zaurance da habaici, tana rikita ta. Gane fuska ma haka: binciken hukumar NIST ta Amurka na 2019 ya nuna manhajoji da yawa sun fi yin kuskure a fuskokin 'yan Afirka. Manhajar binciken na'urori mai suna Autopsy kyauta ce, sauke ta ka fara gwaji da tsohon filashi.

Lauya daga Kongo, Zariya:
Ƙanena, kotu ba ta rantsar da manhaja. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ra'ayin ƙwararre ya karɓa, sashe na 84 kuma yana neman a nuna kwamfutar na aiki daidai lokacin da ta fitar da bayanin. Lauyan wanda ake ƙara zai tambaye ka wa ya ɗauki samfurin, hannu nawa ya bi, wa ya sa hannu a kowane mataki. Giɓi ɗaya a takardar nan ya isa ya raunana shaidarka.

Damuwata ita ce ƙarancin ɗakunan gwajin. Cibiyar DNA ta jihar Legas da aka buɗe a 2017 an lalata ta a rikicin Oktoban 2020. Ka sa ido kan ɗaukar ma'aikata a 'yan sanda, EFCC da NDLEA, kuma kafin nan ka riƙa zuwa babbar kotu kana sauraren yadda ake yi wa shaida tambayoyi.