Tambaya: me 'yan Sikotland ke nufi da "Proddy" da "Hun"?

Sani Kawo: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke karatu a Gilasgo ya ce a wurin aikinsa na dare ya ji ana ce wa wani Bature "Proddy", wani kuma "Hun". Ya ce na farkon dariya aka yi, na biyun kuwa saura kaɗan a ba hammata iska. Wai zagi ne?

Malam Bala T/Wada: Wa alaikumus salam Malam Sani. "Proddy" ko "Prod" gajarta Furotesta ce, kuma abokai kan faɗa wa juna cikin raha. "Hun" kuwa da magoya bayan ƙungiyar ƙwallon Rangers ta Gilasgo ake, kuma da yawansu cin mutunci suke ɗaukarta. Tushen abin ƙwallo ne da addini: an kafa Rangers a 1872, aka san ta da Furotesta, abokiyar hamayyarta Celtic kuma a 1887 cikin Katolika 'yan asalin Ayalan. Magoya bayan Celtic su ma ana ce musu "Tim", ko "Fenian" in ana neman faɗa.

Maman Grace Barnawa: Malam Bala ya gama magana. Akwai kuma "Bluenose", saboda shuɗiyar rigar Rangers, wannan su da kansu ma suna kiran kansu haka. Amma Malam Sani, ka ja wa yaron nan kunne, kada ya kwaikwaya ko da wasa. Mu 'yan Kaduna ai mun san abin da kalma ɗaya irin "arne" ke iya jawowa a cikin motar haya.

Sani Kawo: Na gode Maman Grace. Yau da dare zan kira shi, dama shi ɗan Arsenal ne.