Foldar ƙaramin aiki ta koma wayam a cikin ma'ajiyar Git

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina da babban aiki a Git (manhajar adana tarihin gyare-gyaren fayiloli), sai kuma wata 'yar laburare (guntun lambar shiri da wasu ayyuka ke amfani da ita) da na rubuta daban, tana da tata ma'ajiyar. Na kwafo foldarta na jefa cikin babban aikin na yi komit (wato na adana canjin a tarihin aikin) na tura, abokin aikina ya sauke ya buɗe foldar wayam ba komai! Ni kuwa a kwamfutata fayilolin suna nan lafiya lau. Me na ɓata? Kuma ina so duk gyaran da na yi mata ya riƙa komawa gidanta na asali.

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Ka kwafo ta har da ɓoyayyiyar foldar .git ɗinta, shi ya sa Git bai ɗauki fayilolin ba, lambar komit kawai ya rubuta. Ai yana gargaɗi lokacin `git add`, ƙila bai faɗo idonka ba. Fara da `git rm --cached` da sunan foldar, ka matsar da ita waje, sannan ka shigo da ita da `git submodule add`, wato a matsayin ma'ajiya daban da babban aikin ke nunawa.

Amsa ta 2:
Gaskiya malam ni ba zan ba shi shawarar submodule ba, na sha wahalarsa. Duk wanda ya sauke aikin sai ya tuna `--recurse-submodules`, in ya manta foldar ce dai wayam, ga shi kana gyara a ciki ba ka kan kowane reshe, kana canja wuri komit ɗinka ya shige duhu sai ka bi reflog (jerin wuraren da ka taɓa tsayawa a Git) nemansa. Mai tambaya, ka yi amfani da subtree, wanda ke haɗe fayilolin laburaren cikin babban aikin: ka yi `git subtree add --prefix=lib` da adireshin laburaren da reshenta, ka ƙara `--squash` kada tarihinta ya cika maka naka. Fayilolin na shigowa da gaske, abokinka ba sai ya koyi komai ba. Mayar da gyara kuma `git subtree push`.

Amsa ta 3:
Haka ne, amma a faɗa masa sharaɗin: kada ka haɗa gyaran laburare da na babban aiki a komit ɗaya, in ba haka ba saƙonnin komit da za su koma ma'ajiyar laburaren ba za su yi ma'ana ba. Kuma subtree ba ya ajiye adireshin kamar yadda fayil ɗin .gitmodules na submodule ke yi, kai za ka rubuta shi a README, fayil ɗin bayanin aikin. Ku nawa ne ke taɓa laburaren?

Mai tambaya:
Ni kaɗai ne yallaɓai, sauran amfani kawai suke da ita. Na gwada subtree yanzu, abokina ya ja, fayilolin sun bayyana. Allah ya saka da alheri.